Nomau da Ƙudujin Ƙofar Jan Tsauni

Tun zamanin da duwatsu ba su daina buɗe baki ba, akwai wani tsauni yamma da Tungar Marke, ana ce masa Jan Tsauni. Ja ne wur daga gindi har ƙololuwa, ba shi da hanya ta kowace fuska. Amma duk shekara in damina ta sauka, sai wata tsaga ta buɗe a jikinsa daidai wucewar mutum ɗaya, ƙamshi ya riƙa fitowa daga ciki. In ruwa ya ɗauke sai ta rufe ruf. Mutanen ƙauye sun san wurin na aljannu ne, saboda haka in sun zo wucewa sai su yi bisimilla su ƙara sauri.

A Tungar Marke akwai wani manomi mai suna Nomau. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya ganin ciyawa ya wuce. In ya je gaisuwar mutuwa, ana addu'a shi yana tsuge harƙiyar bakin zaure. Bai taɓa kiran gayya ba, don a ganinsa duk garin babu wanda ya iya noma, shafa ƙasa kawai suke yi. Cikin ciyayi kuwa babu wanda ya tsana kamar ƙuduji, mai furen nan ja-ja da sirkin shuɗi, wanda ke maƙale wa saiwar gero ya tsotse shi har ya mutu a tsaye. Ko a gonar maƙiyinsa ya hango shi sai ya shiga ya tumɓuke.

Wata shekara aka yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya shuka, sai sama ta ɗauke ƙafa, shuka ta ƙone ƙurmus. Nomau ya duba rumbu, babu sauran iri. Ga matarsa Kuluwa da cikin fari, ya fara nauyi. Ya saɓa fartanya zai tafi garin kawunsa roƙon iri, Kuluwa ta rako shi bakin danga ta ce, “Maigida, don Allah in ka ga ciyawa a hanya ka kau da kai. Ni da abin da ke cikina irin nan muke jira.”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Kuluwa, sai ka ce wani mahaukaci.”

Kawu ya cika masa burgami da irin gero mai saurin nuna, ya juyo gida. Yana daidai gindin Jan Tsauni hadari ya taso baƙi ƙirin, ruwa ya ɓarke da ƙanƙara, kafin ka ce me kwarin da ke gabansa ya cika ya tumbatsa. Ruwa gaba, ruwa baya. Nomau ya rungume burgami don kada iri ya jiƙe, ya ga tsagar nan a buɗe, ya yi bisimilla ya kutsa. Ruwa ya biyo shi, ya hau sama. Ruwa ya ƙara biyo shi, ya ƙara hawa, yana lalube da hannu, har ya ga haske a gabansa.

Da ya fito sai ya yi tsaye baki buɗe. Fili ne shimfiɗe a kan tsauni, gizagizai suna yawo ƙasa da shi, rana tana haskawa tas. Ko'ina fure ne iya ganin ido. Ga shuɗi kamar an tsamo daga marina, ga ruwan ɗorawa, ga fari sol, ga wani ja mai tsini da ke rawa ko babu iska. A tsakiya ƙasa ta rufta ta yi wani ƙaton kwari mai siffar akushi, cike da ginshiƙan jan dutse, dogaye da gajeru, suna tsaitsaye cunkus. Da wani ne da ya ce masha Allahu. Nomau abin da ya fara faɗi shi ne, “Kai! Mai gonar nan ya mutu ne?”

Sai ya ji murya a bayansa. “Mai ita tana raye, ya kai ɗan Adam.”

Ya waiwaya ya ga wata mace doguwa, tsawonta ya yi na giginya matashiya, fatarta ja irin ta dutsen, ƙudan zuma sun lulluɓe kanta a maimakon ɗankwali. Nomau ya zube ya ce, “Ranki ya daɗe, ruwa ya koro ni, ban zo da nufin ɓarna ba.”

Ta ce, “Ni ce Magajiyar Jan Tsauni. Wanda ruwa ya koro baƙonmu ne, ba ma tambayarsa dalili. Ka ci, ka sha, ka kwana. Gobe in ruwan da ya koro ka ya janye ka sauka ta inda ka hau.”

Aka kawo masa zuma farar saƙa da ruwan sanyi cikin ƙoƙon dutse. Su aljannun ba su ci komai ba, sai ya ga suna bin fili suna sunkuyawa suna shaƙar fure, suna lumshe ido. Ya ci ya yi nak, aka nuna masa wani kogo mai ɗumi ya kwanta.

Gari ya waye, Nomau ya yi salla, ya zauna yana tunani. An karɓe shi, an ciyar da shi, yaya zai kama hanya haka hannu rabbana? Ba shi da goro, ba shi da turare. Yana cikin wannan sai idonsa ya faɗa kan bakin tsagar da ya fito. Subhanallahi! Ƙuduji ne ya yi dandazo a wurin, ya kewaye ƙofar, yana fure abinsa cikin gindin gamba ba kunya ba tsoro. Nomau ya ji jininsa ya tafasa. Ya ce a ransa, “Bayin Allah, ba su da namiji mai fartanya. Ga abin da zan saka musu da shi.”

Ya tofa yawu a tafi ya duƙa. Abin da ya iya ne, bai bar ko tsinke ba. Ya tumɓuke ƙuduji, ya haƙe gambar da ke gindinsa har saiwa, ya kwashe duka ya watsa ta bakin dutse don kada su sake kamawa. Wuri ya yi fes. Ya miƙe yana share gumi yana jin daɗin kansa, sai ƙasa ta yi gurnani. Yana ji yana gani leɓɓan tsagar suka matso, suka haɗe, ko layi bai rage ba.

Magajiya ta bayyana, ƙudan zuman kanta suna kuka. Ta ce, “Ya kai ɗan Adam, me muka yi maka?”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, godiya ce na yi. Ƙuduji ne fa. Annoba ne.”

Ta ce, “A gonarka annoba ne. A nan shi ne furen ƙofa. Muddin yana fure dutse yana buɗe, in babu shi dutse ya rufe. Mu iska muke bi, ba ruwanmu da ƙofa. Kai ne mai buƙatarta, kuma da hannunka ka nome ta.”

Nomau ya faɗi yana ahi. Ya ce ta sa a ɗauke shi a sauke, matarsa na da ciki, iri yana hannunsa, ƙasa ta jiƙu, yau ne ranar shuka.

Ta ce, “Tsaunin nan ba ya sakin mutum sai ta inda ya karɓe shi. Dubi kwarin can. Duk ginshiƙin da ka gani ɗan Adam ne da damina ta ƙare masa a nan. Ranar da furen filin nan ya gama bushewa, in kana bisa tsaunin, za ka tsaya cikin sahunsu.”

Bai yarda ba. Ya bi gefen tsaunin da gudu yana neman masauka. Gabas gangara ce miƙe kamar bango, kudu haka, arewa ma ko gindin ba a hange. Ya koma ya sari inda ƙofar take da fartanya har wuta tana tashi, dutse ko gezau. Ya yi kira, muryarsa ta zaga kwari ta dawo masa. Bai taɓa sanin fili mai faɗi haka zai iya matse mutum ba. Ga sarari, ga iska, ga ƙamshi, amma ji yake numfashinsa na neman tsayawa. Da ƙarfinsa ya ƙare ya dawo ya durƙusa gaban Magajiya ya ce, “Ranki ya daɗe, abin da hannu ya ɓata, babu yadda hannu zai gyara?”

Ta ce, “Akwai kara ɗaya na furen ƙofa, busasshe, na bara, da 'ya'yansa a jiki. Yana can ƙarshen tsauni, a wani leɓen dutse da muke kira Mahangar Kewa. Daga nan ana hango duk inda zuciya take so. Amma ka sani, muddin idonka yana kan gida, dutse yana shigarka ta ƙafa.”

Nomau ya rataya burgami, ya saɓa fartanya, ya gangara cikin kwarin ginshiƙai, don ta nan hanya ta bi. Bai yi nisa ba ya ji an ce, “Salamu alaikum, bawan Allah.” Ya amsa. Wa zai ji sallama ya yi shiru? Ginshiƙin ya ce, “Ina gajiya? Ina iyali? An yi ruwa wajenku? Nawa ake sayar da gishiri yanzu?” Yana gama da wannan na kusa da shi ya ɗauka, na gaba ya karɓa. Mutane ne da suka shekara aru-aru ba su gaisa da kowa ba, kowa yana son a tsaya masa. Nomau ya duba ya ga rana ta karkata, bai ci ko zango ba, ga su dubbai a gabansa. Sai ya hau kan wani dutse ya ɗaga murya kamar mai shela ya ce, “Salamu alaikum jama'ar kwari baki ɗaya! Lafiya lau, iyali lafiya, an yi ruwa, gishiri ya yi tsada. Ku yafe ni, mai ciki ke jirana!”

Can wata tsohuwar murya ta ce, “Ku bar shi ya wuce. Ni ma mai ciki na bari.”

Ya hau ɗaya gefen, ya tarar da wata gada ta dutse, faɗinta bai fi kunyar gona ba, hagu rami dama rami. Ya taka ke nan sai guguwa ta taso ta tsaya a tsakiya, ta zama wani aljani siriri mai ido ɗaya, ƙafafunsa suna juyawa ba tsayawa. Ya ce, “Ni ne mai gadar nan. Ba a wuce ni da kaya cikakku. Ba ni abin da ke cikin burgamin.”

Nomau ya ƙanƙame burgami ya ce, “Ya shugaban iskoki, wannan ba nawa ba ne, na Kuluwa ne da abin da ke cikinta. Nemi wani abu.”

“To, ba ni fartanyar.”

“In na ba ka ita, hannuna na ba ka.”

Aljani ya yi dariya har tsakuwa tana zuba cikin rami. Ya ce, “Mai rowa a bakin mutuwa! To, tuɓe rigar da malafar, na daɗe ban sami abin wasa ba.” Nomau ya tuɓe ya miƙa, guguwa ta yi sama da su tana wulwulawa. Ya ja ciki ya haye gadar daga shi sai wando, sanyi yana yankar haƙarƙarinsa.

A ƙarshen gadar ga Mahangar Kewa, wani leɓen dutse da ya zaro kansa bisa sarari. A bakinsa akwai mutum tsaye, dutse ya cinye shi har wuya, saura fuska. Ga kwari da baka a kafaɗarsa, su ma sun zama dutse. A gindin ƙafarsa busasshen karan ƙuduji yake. Mutumin ya ce, “Sannu ɗan'uwa. Sunana Barmo, maharbi ne ni. Da farkon daminar nan na biyo sawun wata gada da na harba na shigo tsaunin. Ɗebi abin da ka zo ɗiba ka juya, kada ka ɗaga kai.”

Nomau ya durƙusa ya karkaɗe 'ya'yan cikin tafinsa, ƙanana kamar garin taba, ya ƙulle a bakin wando. Ya yi niyyar juyawa, wallahi ya yi niyya. Amma wuyansa ya ƙi. Ya ɗaga kai, sai ga Tungar Marke a gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Gonakin mutane duk an shuka, tasa ce kaɗai take kwance ja. Ga Kuluwa zaune a gindin marke, ta dafa ciki, tana kallon hanyar da ya bi. Ya kira sunanta, ba ta ko motsa ba. Tausayinta ya kama shi har hawaye suka zubo.

Barmo ya daka masa tsawa. “Kai! Dubi ƙafarka!”

Ya duba, yatsun ƙafarsa ta hagu sun zama jan dutse. Ya ja da baya da rarrafe. Barmo ya ce, “Haka na fara. Ni uwata nake kallo. Kullum sai in ce yau kaɗai.”

Nomau ya koma bakin ƙofa, ya barbaɗa 'ya'yan ƙuduji a inda ya nome, ya zauna jira. Ruwa ya sauka, rana ta fito, ruwa ya sake sauka, ƙasa shiru. Ya je wa Magajiya da kuka. Ta ce, “Ya kai ɗan Adam, kai da ka ƙare rayuwarka kana yaƙi da shi, ka taɓa ganin ya tsiro shi kaɗai? Gambar da yake sha ka haƙe ta, kuma gamba ba ta kafuwa a nan sai ta shekara.”

Nomau ya juya ya koma bakin ƙofa. Ya san maganar tun ba ta ƙarasa ba, ƙi kawai yake yi. Ƙuduji ba ya buɗe ido sai ya ji saiwar da zai tsotsa kusa da shi, kuma duk duniya babu saiwar da yake so kamar ta gero. Ya dubi burgami. Irin da ya hana aljanin gada, irin da Kuluwa ke zaune tana jira, shi zai shuka da hannunsa ya ciyar da maƙiyinsa. In ya shuka, gonarta ta kwana babu iri. In bai shuka ba, ita da ɗanta ba za su ƙara ganinsa ba. Ya rungume burgamin ya yi kuka irin na yara.

Da safe ya sari ƙasa, ya zuba iri, ya take da diddige. Bai rage ko ƙwaya ba, don 'ya'yan ƙudujin sun watsu, bai san inda suka faɗa ba.

Gero ya fito. Ƙasar ba a taɓa nomanta ba, sai ya taso kore shar, kara kamar rake. Tun da Nomau yake bai taɓa yin gero mai kyan wannan ba, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. Ya yi masa noman fari, ya yi maimai, yana yi yana cewa, “Ku ci ku ƙoshi, yanka ku za a yi.” Sanyi ya dame shi, ya saƙa wa kansa wani abu da ciyawa yana yafawa. Zumar da ya sha ranar farko yana santi, yanzu ko ƙamshinta ba ya so, tuwo kawai yake mafarki.

Ran nan ya ga ganyen gero ya fara ɗorawa-ɗorawa, ya duba gindi, ga kawunan ƙuduji sun ɓullo. Kafin ya ankara hannunsa ya kai, har ya kama ɗaya. Da kyar ya saki. Ya ɗauki fartanya ya kai wa Magajiya ya ce, “Ranki ya daɗe, ki ajiye mini wannan, ban amince da kaina ba.” Ya dawo ya zauna kan hannuwansa, yana kallon gero yana ƙanjamewa a tsaye. Aljannu suka riƙa zuwa kallonsa, suna mamakin mutumin da ke zagin fure da safe, da yamma ya roƙe shi ya yi sauri.

Zaman ya gagare shi, kewa ta ci ƙarfinsa, ya ce bari ya leƙa sau ɗaya. Ya ratsa kwari da sallama ɗaya, aljanin gada yana can yana wasa da malafa bai kula shi ba. Ya tarar da Barmo dutse ya rufe masa baki da ido. Ya yi masa sallama, ba amsa. Ya ɗaga kai.

Gonarsa ta yi kore! Amma wane irin kore? Gero nan, dawa can, wake ya bi ta ko'ina, kunyoyi a karkace kamar tafiyar mashayi. Ga Kuluwa tana tafe da kyar tana riƙe da ƙugu. Ya tsaya yana kallonta, ya manta da kowane gargaɗi, wani sanyi yana hawa ƙafarsa bai ji ba. Babu mai yi masa tsawa yanzu. Sai idonsa ya kai kusurwar gona ta gabas, ya ga wani abu ja-ja da sirkin shuɗi ya yi dandazo. Ƙuduji! A gonarsa! Kuma Kuluwa ta bi ta gefensa ta wuce ko sunkuyawa ba ta yi ba.

Haushi ya turnuƙe shi. Ya zabura zai je ya tumɓuke, ya manta inda yake, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa, ya kife a kan dutse, haɓarsa a bakin rami. Faɗuwar nan ce ta raba idonsa da gida. Ya duba, ƙafar ta zama jan dutse har ƙauri. Ya jawo ta ya dawo yana faɗa shi kaɗai, “Haba Kuluwa! A gonata? Ko tsugunawa ba za ki yi ba?”

Daga nan bai sake komawa ba. Ruwa ya fara ja da baya, iska ta sauya. Shuɗin fure ya fara zubewa, ruwan ɗorawa ya bi shi, farin ya yi baƙi. Kullum fili yana ƙara zama toka-toka, bushewar tana matsowa wajen ƙofa. Nomau ya ji gwiwoyinsa suna nauyi in ya tashi da safe. Ƙudujinsa kuwa ya yi toho ya tsaya, kamar da gangan. Ya kwanta rub da ciki a gabansa ya ce, “Na zage ka, na zagi uwarka, na ƙone kakanninka. Ka yi haƙuri. Buɗe.”

Ranar da jan furen nan mai tsini, wanda shi ne na ƙarshe a fili, ya fara sunkuyar da kai, ƙuduji ya buɗe. Ba yawa, ɗan tsiraru ne. Dutse ya yi gurnani, ya tsage kaɗan, daidai a shiga a karkace.

Gero duk ya mutu, sai kara ɗaya da ya yi ƙoƙari ya fid da kai, bai gama ƙosawa ba, ƙuduji uku sun kewaye gindinsa. Nomau ya tsaya a kansa. Da zai cire su, zangarniyar nan za ta nuna, ya sami abin da zai nuna wa Kuluwa. Ya miƙa hannu, ya dubi tsagar, ya janye hannunsa.

Magajiya ta miƙo masa fartanya ta ce, “Ya kai ɗan Adam, ka ɓata, ka gyara, babu sauran magana tsakaninmu. Zangarniyar nan ta tsauni ce, za ta zube ta tsiro baɗi, furen ƙofa ya sami abin sha. Yi sauri, iskar nan ba ta da kirki.”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, Barmo fa, da mutanen kwari?”

Ta ce, “Wanda ya tsaya ya tsaya. In ka wuce gindin tsauni ka riƙa yi musu sallama, suna ji.”

Ya shiga a karkace, dutse yana goge masa ƙirji da baya, yana jan ƙafar dutse tana ƙara. Ya yi ta gangarawa cikin duhu har ya hango haske. A can sama iska ta kaɗa fure, wasu suka zube, tsaga ta fara matsewa. Kansa ya fita, kafaɗa ta fita, ƙafar dutse ta maƙale. Ya ja, ta ƙi. Ya juya ya cusa fartanya a gicciye tsakanin leɓɓan dutsen. Ƙota ta yi ƙara, ta lanƙwashe, ya fizge ƙafarsa da iyakar ƙarfinsa ya faɗo waje. Dutse ya haɗe a kan fartanyar, ya bar ɗan guntun ƙota a waje.

Ya kama hanya yana jan ƙafa, ba riga, ba iri, ba fartanya. Bai shiga gari ba, gona ya nufa. Kuluwa tana cikin wake tana tsinka, da jariri a bayanta. Ta ɗago ta gan shi, ƙwaryar hannunta ta faɗi. Ba ta yi ihu ba. Ta tako a hankali ta taɓa hannunsa, ta dubi ƙafar, ta dubi fuskarsa, sannan ta fashe da kuka. Ta kwanto yaron ta miƙa masa ta ce, “Namiji ne. An yi suna ba ka nan.”

Ya ce, “Kuluwa, ban zo da irin ba.”

Ta ce, “Na gani. Mutanen gari ne suka taru, kowa ya kawo tafi ɗaya na abin da ya rage masa. Suka yi gayya ba wanda ya kira su. Na san noman bai yi maka ba.”

Nomau ya dubi kunyoyin nan karkatattu, kunya ta rufe shi, ya ce, “Ya yi. Wallahi ya yi.” Suka taka har kusurwar gabas, ga ƙuduji yana nan yana fure. Ya yi ta haɗiye maganar, ta ƙi haɗiyuwa. Ya ce, “Amma wannan fa? Duk cikin 'yan gayyar ba wanda ya gan shi?”

Ta share ido da bakin zane ta ce, “Sun gani. Sun zo cirewa na hana. Har malamin gari ya ce in fara takaba, na ce a dakata. Na ce in dai maigida yana da rai, ko a ina yake, ba zai iya barin ƙuduji a gonarsa ba. Sai ya zo ya cire da kansa. Kullum nan nake fara dubawa.”

Nomau ya tsuguna da yaron a ƙirjinsa, ƙafar dutse a miƙe gefe. Ya kai hannu kan furen, hawaye suna ɗiga a kan ganyen. Kuluwa ta ce, “To, cire mana, ga ka ga shi.”

Ya shafa furen, ya janye hannunsa. Can ya miƙe ya ce, “Bar shi ya kwana. Mu je gida, tuwo nake so.”

Masu ba da labarin sun ce tun da Nomau ya san fartanya, ranar ce kaɗai ya taɓa ce wa ciyawa sai gobe. Nan suka tsaya, nan ni ma na tsaya.